Kwalbar Almiski da Firintar Ƙofar Na'isa

Bari in fara da neman afuwa. Abin da zan ba da labarinsa ya kwana biyu, kuma a lokacin ban ajiye rubutu ba. Wasu maganganun na tabbata an yi su, amma ba zan rantse a kan wadda ta riga wata ba. Inda nake shakka zan ce ina shakka.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar wasu matasa da suka zo shagona kwanan baya. Ɗayansu ya dubi filashin da ke rataye a wuyana ya ce, "Malam Nura, ashe aikin naka ke nan? A soka, a danna, a jira minti ashirin?" Ni ba mai saurin amsa ba ne. Wannan rubutun shi ne amsar.

Sana'ata ita ce sanya wa kwamfuta Linux, da tsayawa a bayanta idan masu suka sun taso. Ga wanda bai sani ba, kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, wadda take tashi da ita in an kunna, sauran duk a kanta suke zaune. Akwai wadda kamfani ya rufe yake sayarwa. Ba zan ambaci suna ba, kowa ya san ta. Akwai kuma irin su Linux, wadda mutane masu yawa a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta, suka bar rubutun a buɗe, suka ba da izini a rubuce cewa kowa ya karanta, ya gyara, ya kwafa ya ba wani. Sanya ta minti ashirin ne, yaron bai yi ƙarya ba. Abin da yake biyo bayan minti ashirin ɗin shi ne sana'ar.

Aikin farko da aka ba ni a wannan harka shi ne ware sukurori. Na gama digiri, na gama bautar ƙasa, na zaga ofisoshi da takardu har fayil ɗina ya yi laushi, sai wani abokin mahaifina ya kai ni wurin Injiniya Sabo, mai gyaran kwamfuta a wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Injiniya ya dube ni sama da ƙasa, ya turo mini gwangwanin madara cike da sukurori ya ce, "Digirin ka ajiye shi a bakin ƙofa tare da takalminka. Ka raba mini waɗannan, kowanne da danginsa." Kwana uku na yi a kan gwangwanin nan. Sai daga baya na gane cewa sukuro ɗaya da ya fi raminsa tsawo yana iya huda allon cikin kwamfuta ya kashe ta.

Shekara uku na yi a ƙarƙashinsa, in ban yi kuskure ba. Shi ya koya mini kada in buɗe kwamfuta sai mai ita ya gama faɗin duk abin da ke bakinsa, domin ciwon yakan fito a jimlar ƙarshe. Shi ya koya mini kara kunne in ji ƙarar faifan ajiya idan ya kusa mutuwa, da shinshina bayan inji in gane abin da ya ƙone. Har gobe ban ga mai hannu kamarsa ba. Inda muka saɓa wuri ɗaya ne. Maganinsa na kowace cuta shi ne fomatin, wato a share komai a sake zuba manhajar kamfanin nan daga wani faifai da aka kwafa ba da izinin masu ita ba. Haka kowa yake yi a layin, ban ce shi kaɗai ba ne. Bayan wata uku mutum ya dawo da bairos, a sake sharewa, ya sake biya.

Wata rana wani malamin firamare ya kawo kwamfutar da ta ƙi tashi, rubutunsa na kammala karatu yana ciki. Injiniya ya ce sai fomatin. Na roƙi a ba ni awa ɗaya. Ina da wani faifan Linux da wani abokin karatuna ya ba ni, wanda yake tayar da kwamfuta ba tare da ya taɓa abin da ke cikinta ba. Na tayar da ita, na kwashe rubutun a filashi, na miƙa wa mutumin. Da ya tafi Injiniya ya ɗauki faifan ya juya shi ya ce, "Nawa ka saya?"

Na ce, "Kyauta ne, Maigida."

"Tsintacciyar mage ba ta mage," in ji shi, ya ajiye.

Da na nemi izinin buɗe nawa shagon bai hana ni ba. Ya sa mini albarka, ya ba ni sukudireba mai mariƙi ruwan ɗorawa, wadda har yanzu take cikin jakata, ya kuma ba ni sunan da ya bi ni: Malam Kyauta. Ba yabo ba ne.

Ku da kuke ganin aikin da sauƙi, ga abin da za ku riƙa ji kullum. Na farko za a ce muku araha ba ta ado. Amsar da na saba bayarwa ita ce in ɗauko kwamfutar da aka yanke wa ƙauna, in sanya mata, in miƙa wa mai maganar ya taɓa da hannunsa. Baki ba ya cin wannan gardamar. Na biyu za a ce, in ta lalace wa za a kama? Nakan tambayi mutum, kwafin da ke kan tasa kwamfutar, in ya lalace wa yake kamawa? Yawanci sai a yi dariya. Na uku za a ce ofisoshi ba ita suke amfani da ita ba, wanda ya koya a kanta zai sha wuya. Wannan akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma ban taɓa musantawa ba. Abin da na gani dai shi ne wanda ya iya buga wasiƙa a nan, kwana biyu ya ishe shi ya iya a can. Akwai kuma ayyukan da har yau nake ce wa mai su, "Kai kam zauna inda kake, tawa ba za ta yi maka ba." Wanda ba zai iya faɗin haka ba, kada ya shiga sana'ar nan.

Amma sukar da ta fi ba ni wuya ba daga ma'abota kwamfuta ta fito ba. Daga wani dattijo mai sayar da turare ta fito.

Wata makarantar matan aure ce a Ƙofar Na'isa, inda ake karatun addini da safe, da yamma a koyi sana'a. Wani ofis ya ba su tsofaffin kwamfutoci goma sha biyu da firinta ɗaya ta gwanjo. An kira Injiniya ya duba, ya faɗi gaskiya, cewa sun yi rauni, ba za su ɗauki sabuwar manhajar kamfani ba. Kwamiti ya fara maganar a kai su Ƙofar Ruwa a sayar wa 'yan gwangwan, masu sayen tsoffin ƙarafa. Shugabar makarantar ce ta aiko a kira ni kafin a kira mai kura. Kwana tara na yi a ɗakin nan da burushi da abin hura ƙura. Na cire daga wannan na sa wa waccan, har goma suka tashi. Na sanya musu Linux mara nauyi. Firintar kuma na haɗa ta da wata ƙaramar kwamfuta mai batiri a teburin malama. Ku riƙe wannan, domin zai dawo.

Shugaban kwamitin shi ne Alhaji Hadi, wanda kakanninsa fatake ne da suka zo daga Gadamas suka zauna a cikin gari. Ya haura tamanin a lokacin, ina jin. Ya zo da sandarsa ya zaga ɗakin, ya ga mata suna buga sunayensu a allo. Sai ya zauna ya ce, "Malam Nura, ladan aikinka mun sani. Ita abar da ka zuba, nawa ce?"

"Ba a biya, Baba Alhaji. Masu ita sun ba da kyauta."

"Su wa?"

Na yi bayani iyakar iyawata. Na ce mutane ne barkatai, wasu malamai, wasu ma'aikata, wasu ɗalibai. Na nuna masa takardar izinin da na buga na zo da ita. Ya karɓa ya riƙe ta nesa da idonsa, ya mayar mini.

"Takarda ba ta da hannu," ya ce. "Ni a gidanmu, ko ƙwaryar fura aka aiko, ba ta komawa wayam. Abin da aka ba ka, ka san wanda ya ba ka, ka mayar da tukuici, shi ne kyauta. Wanda ba ka san mai shi ba, tsintuwa ce. Matan nan Alƙur'ani suke karantawa a ɗakin da ke kusa. Ba zan sa hannu su zauna a kan abin da ban san asalinsa ba."

Na ce, a hankali, "Ai Baba, an ce yaba kyauta tukuici."

"Marowaci ne ya yi wannan karin maganar."

Washegari ya aiko aka kira ni zaurensa. Ya ba ni hula sabuwa ya ce wannan tawa ce, ta ɗan aike. Sannan ya fito da wata 'yar kwalba da ba ta fi babban yatsa ba, an naɗe bakinta da zare. Almiski ne, ya ce, ragowar na mahaifinsa, ba irin na kasuwa ba. "Wannan ta masu abin ce. Amana na ba ka. Tsintuwa shekara guda ake cigiyarta, kai ma na ba ka shekara, daga wannan Babbar Sallar zuwa ta baɗi. Ka nuna mini hannun da ya karɓa. In ba ka samu ba, Sabo ya zo ya share, ya sa wadda aka san mai ita, mu saya da kuɗinmu. In injinan ba su ɗauka ba, Ƙofar Ruwa ba nisa."

Ya san ba za su ɗauka ba, ni ma na sani. Wato ajin mata wajen arba'in yana rataye a wuyan kwalbar nan.

Na koma shago na rubuta wasiƙa zuwa zauren intanet inda masu wannan aiki suke tattaunawa. Na yi ta da Turancina mafi kyau, da gaisuwa, da godiya shafi guda, na nemi adireshin da zan aika da turare. Mutum uku suka amsa. Duk sun ji daɗi, duk sun ce ba su ne masu ita ba. Ɗaya ya rubuta gajeriyar magana, ma'anarta ita ce: ba ma bukatar komai, in kana son taimaka mana, ka gaya mana abin da ba ya aiki.

A nan na yi kuskuren da ya ci mini shekara. Na ɗauki maganar nan a matsayin kara, irin ta mai masauki da zai ce wa baƙo, "In akwai laifi a faɗa mana." Wa yake faɗa? Ni a yadda aka rene ni, wanda ya ba ka riga ba ka nuna masa inda ɗinki ya karkace. Na sake rubuta musu na ce komai lafiya ƙalau, Allah ya saka da alheri. Kwalba kuma na sa ta a aljihun tebur.

Alhali komai ba lafiya ba. Firintar nan ta fara wani hali. Wata rana ta yi aiki sumul, wata rana a aika mata takarda ta yi shiru, ko ta yi ta amayo shafuka cike da alamomin da ba na kowane harshe ba. Da an kira ni sai in hau babur in je, in kashe komai in sake kunnawa, ta dawo daidai. In an tambaye ni sai in ce wayar ce, ko ƙura, ko tsufa. Na canja waya sau uku da kuɗina. A cikin raina na fara zargin ciwon yana cikin manhajar, amma ta yaya mai kare abu zai fito ya ce abin nasa yana da aibi, ga Injiniya da mutanen layi sun kasa kunne?

Ranar da aka yaye ɗaliban farko ita ce ranar da asiri ya tonu. An shimfiɗa tabarmi, baƙi sun zo, saura a buga takardun shaida. Firinta ta ci takarda mai tsada wajen ashirin tana zuba shirme. Na kashe na kunna, ta buga biyu, aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, ta koma gidan jiya. Ƙarshe a filashi aka ɗauki aikin aka kai shagon Injiniya. Ni na kai da ƙafata. Ya gama bugawa, ya jera takardun, ya miƙo mini.

"Malam Kyauta, gai da magen taka."

Labari a cikin gari ba ya bukatar mota. Masu shagon buga takardu uku da na sanya wa Linux suka ce in zo in cire. Wani mai kemis da muka yi magana ya daina ɗaga wayata. Akwai makon da ba wanda ya leƙo shagona sai mai neman cajin waya. Na sayar da babur na koma tafiya a ƙasa. Kowace Juma'a in na haɗu da Alhaji Hadi a hanyar masallaci, bayan gaisuwa sai ya ce, "Amanata fa?" In ce, "Ana nan ana cigiya, Baba." Wannan ita ce muguwar shekarata, kuma ba manhaja ce ta jawo mini ita ba.

Saura kamar wata biyu Sallah, na je makarantar da yamma, an sake kira na saboda firinta. Na tarar da Malama Binta tana jira na. Tela ce, mijinta ya rasu, tana da 'ya'ya huɗu, ita ce kuma aka ɗora wa kula da ɗakin kwamfuta saboda ba ta wasa da mukulli. Tana riƙe da littafin da take rubuta awon masu ɗinki. Ta juya shi ta baya ta buɗe.

"Malam, kafin ka ce waya ce, duba nan."

Tun bayan ranar yaye, duk lokacin da aka taɓa firintar nan ta rubuta. Rana, da lokaci, da shafi nawa, da ta yi ko ba ta yi ba, kamar yadda take rubuta kafaɗa da ƙirji da tsawon hannu. A gefe kuma ta ja wani layi inda take sa alama in an ɗauke wuta. Ta ɗora yatsa tana bi da ni. Duk ranar da wuta ta zauna, firinta lafiya. Duk ranar da aka ɗauke aka dawo, ko aka koma janareta, ta haukace. Sai wurare biyu da aka ɗauke wuta amma ba ta haukace ba.

"Waɗannan biyun," ta ce, "ranakun da batirin ƙaramar kwamfutar ya ƙare ne, ta mutu tare da firintar. In sun mutu tare, su tashi tare, ba faɗa. In firinta ta mutu ta bar kwamfuta a raye, to in ta dawo ba sa gane juna."

Ni mai digiri, wata goma ina kashewa ina kunnawa, ban taɓa tambayar kaina me ya sa hakan yake magani ba.

"Ka gaya wa masu abin?" ta ce.

Na ce, "Malama, ai ba a kushe kyauta."

Ta rufe littafin ta dube ni kamar yadda ake duban yaron da ya sa riga a bai-bai. "Malam Nura, ni ina ɗinka wa marayu kayan Sallah ba ko sisi. In na ɗinka wa yarinya riga, hannu ya matse ta, uwar riƙonta ta yi shiru ta jefa a akwati, ta zo tana yi mini godiya, wannan ta raina ni. Wadda ta dawo ta ce Binta hannu ya matse, ita ce ta nuna mini an sa rigar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su suna can, ta ina za su sani?"

A ranar na zauna na juya littafinta zuwa Turanci, layi bayan layi, ban ƙara ban rage ba. Na sa sunan firintar da lambarta, na aika inda ake kai rahoton matsala. Na cire gaisuwa, ko da yake sai da na bar layi biyu, don ban iya ba.

Kwana ɗaya aka yi amsa ta zo. Wani bawan Allah ne da yake kula da ɓangaren irin waɗannan tsofaffin firintoci a lokacin hutunsa. Ban san fuskarsa ba, kuma ba zan faɗi ƙasarsa ba don ban tabbata ba. Ya ce shekara da shekaru yana jin ƙishin-ƙishin wannan matsala, amma ba wanda ya taɓa kawo masa ita a jere haka. Ya ce a inda yake zaune ba ya tuna ranar da wuta ta ɗauke, shi ya sa bai taɓa ganin abin da idonsa ba. Ya aiko da tambayoyi, ya nuna mini inda zan kwafo bayanan da kwamfuta take ajiyewa a ɓoye.

Mako shida muka yi muna gwaji. Ya aiko da gyara, in sanya, Malama Binta ta zare wayar wutar firinta ta mayar, ta rubuta abin da ya faru. Wani lokaci ya ce yana son ɗaukewar wuta ta gaske, ba ta zare waya ba. Shi ne karo na farko da na ga mata cike da ɗaki suna zaune suna fatan a ɗauke wuta, ita kuma ta ƙi tafiya. Gyara na farko bai yi ba. Na biyu ya sa firintar tana buga kowane shafi sau biyu. Na uku ko na huɗu, a nan ƙwaƙwalwata ta rikice, shi ne ya zauna. Aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, Malama Binta ta aika da takarda, ta fito tas.

Da aka shigar da gyaran cikin manhajar da kowa zai samu, sai na ga a bayanin da ake rubutawa a kan kowane gyara mutumin nan ya sa cewa Binta, daga Kano, ita ta gano matsalar kuma ita ta gwada maganin. Na rubuta masa labarin kwalba tun daga farko, na roƙi adireshinsa. Ya ce labarin ya faranta masa rai, amma shi layi kaɗan ya rubuta, kuma da ba don littafin awo ba da bai san inda zai sa su ba. Ya ce a wurinsu duk wanda aikinsa ya shiga ciki yana cikin masu ita. In ana neman hannun da za a danƙa wa turare, ga shi nan kusa da ni.

Na yi kwana biyu ina juya maganar, ina tsoron kada Alhaji ya ɗauka dabara ce na ƙulla don in tsira. Sai na yanke shawarar in faɗa masa komai, har da ƙaryar waya.

Bayan Sallah da kwana uku aka taru a ɗakin kwamfuta. Alhaji Hadi ya zo, ya kuma gayyato Injiniya, wanda ya shigo da jakar faya-fayansa a kafaɗa. Matan suna zaune daga baya. Na ajiye kwalbar a tebur, zarenta ko motsi bai yi ba. Na ba da labari kamar yadda na ba ku. Na buɗe shafin a allo na ƙara girman rubutun.

Alhaji bai yarda da karatuna ba. Ya ce, "Sabo, kai ba ka da riba a ciki. Karanta mini."

Injiniya ya sa tabarau ya sunkuya. Ya daɗe yana dubawa, har ya gangara ƙasa ya ga layukan gyaran da kansu. Sannan ya miƙe ya ce, "Sunanta ne, Alhaji. Kuma ba yaron nan ne ya rubuta ba, daga can aka sa."

"Wato duk wanda ya ɗauki abin nan, ko a ina yake, da aikin Binta a ciki?"

"Haka ne."

"Binta ta gidan marigayi Malam Isa? Mai yi wa jikokina ɗinki?"

Daga cikin matan aka ce, "Ita ce, Baba."

Alhaji ya murza kan sandarsa. Sai ya ce, "Na shirya turare zai ƙetare teku, ashe lungu biyu zai ƙetare. Malam Nura, ka sha tafiya." Ya ɗauki kwalbar ya miƙa wa shugabar makaranta ya ce ta ba ta.

Malama Binta ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Baba Alhaji, turare ga bazawara a gaban jama'a? Gobe sai a ji a gari."

"In an ji, ki ce sadakin ya fi ƙarfina."

Aka yi dariya har da Injiniya. Ita kuwa ta kwance zaren nan da ya shekara a ɗaure, ta aika aka kawo auduga, ta yayyage ta ƙanana, ta ɗiga wa kowace mace a ɗakin. Ta ce duk wadda ta taɓa jiran a ɗauke wuta tana da rabo. Ƙamshin ya kwana uku a ɗakin.

Injiniya ya fita da jakarsa bai buɗe ba. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce mini, "Magen taka ta kama ɓera ɗaya. Kada kanka ya kumbura." Har yau bai sanya Linux a tasa kwamfutar ba, kuma ban matsa masa ba. Amma in aka kawo masa tsohon inji da a da zai ce a kai Ƙofar Ruwa, yakan ce, "Ku kai wa Malam Kyauta." Sunan bai canja ba, yadda ake faɗinsa ne ya canja, ko kuma kunnena ne.

Ajin yana nan. Injinan farko sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, an samo wasu. Alhaji Hadi ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. A jakata yanzu, tare da sukudireba mai mariƙi ruwan ɗorawa da filashi da burushi, akwai ƙaramin littafi irin na teloli. Duk wanda na sanya wa Linux nakan ba shi irinsa, in ce ya rubuta mini duk abin da ya ba shi haushi, da rana da lokaci. Ku da kuke son sana'ar nan, minti ashirin ɗin zan koya muku a yini ɗaya. Littafin ne yake ɗaukar shekaru.

Wannan shi ne abin da na iya tunawa. Watakila injinan sha ɗaya ne suka tashi ba goma ba, watakila kuma na sa wa wani maganar da wani ne ya yi ta. Injiniya yana raye, Malama Binta tana raye, haka yawancin matan da suka shafa almiskin nan. Wanda ya karanta ya ga inda na karkace, don Allah kada ya yi mini kara. Ya zo shago ko ya aiko, ya nuna mini wurin. A da da na ce godiya ta ishe ni. Yanzu gyaran nake jira, shi ne tukuicina.